Wace Irin Sutura Ce Ta Dace da Ranar Intabiyun Neman Aiki?

Dukanmu mun san cewa samun aiki a ƙasarmu ba abu ne mai sauƙi ba. Matashi zai gama makaranta, ya gama bautar ƙasa, ya yi ta kai takardu daga wannan ofis zuwa wancan, wani lokaci har shekaru. Idan aka kira shi intabiyu, zai yi murna sosai. Amma bayan murnar, tambayar da takan biyo baya ita ce, “Me zan saka?”

Ga amsar a taƙaice: mu saka tufafi masu tsabta, waɗanda suka yi daidai da jikinmu, kuma suka dace da wurin da muke neman aikin. Ba dole ne su zama sababbi ko masu tsada ba. Suturar da ta dace ita ce wadda za ta sa masu tambaya su manta da abin da muka saka, su mai da hankali ga abin da muke faɗa. A wannan talifin, za mu ga yadda za mu yi hakan.

Me Ya Sa Suturarmu Take da Muhimmanci?

Waɗanda za su yi mana tambayoyi ba su san mu ba. Ba su san halinmu a gida ba, ba su ga wahalar da muka sha a makaranta ba. Abin da ke gabansu shi ne takardunmu da kuma mu kanmu, na ɗan lokaci kaɗan. Kafin mu buɗe baki mu gaishe su, sun riga sun gan mu daga sama har ƙasa.

Suturarmu takan gaya musu abubuwa uku. Na farko, tana nuna ko mun daraja su da lokacinsu. Na biyu, tana nuna ko mu masu lura da ƙananan abubuwa ne. Mutumin da ya zo da rigar da maɓallinta ya cire, zai yi wuya a yarda cewa zai kula da littafin lissafin kuɗi. Na uku, tana nuna ko mun fahimci irin aikin. Mai ɗaukan ma’aikaci yana tambayar kansa ne: “Idan na tura mutumin nan gaban abokan cinikinmu, ko ɗalibanmu, ko marasa lafiyarmu, zai fitar da mu kunya kuwa?”

Akwai wani amfani kuma da ya shafe mu. Idan takalmi yana matsa mu, ko muna ta jan siket ƙasa, ko muna ɓoye tabon da ke hannun riga, hankalinmu zai rabu biyu. Amma idan mun san cewa shigarmu ta yi daidai, za mu zauna da kwanciyar rai mu amsa tambayoyi da kyau.

Mu Fara da Sanin Wurin Aikin

Hausawa sun ce idan ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka. Babu sutura ɗaya da ta dace da kowane wurin aiki. Saboda haka, kafin mu buɗe akwati, zai dace mu yi ɗan bincike.

• Mu karanta saƙon gayyatar da kyau. Wasu ma’aikatu sukan faɗi abin da za a saka. Idan sun faɗa, magana ta ƙare, sai mu bi umurnin daidai yadda yake.

• Mu ga yadda ma’aikatan wurin suke shiga. Idan wurin yana kusa, za mu iya wucewa ta wajen da safe, sa’ad da ma’aikata suke isowa. Amma kada mu yi hakan ran Jumma’a, domin a ranar ce ofisoshi da yawa, har da bankuna, sukan bar ma’aikata su saka kayan gida.

• Mu duba hotunan ma’aikatar a dandalinta na intanet ko a Facebook.

• Mu tambayi wanda ya taɓa aiki a wurin. Idan ba mu san kowa ba, ba laifi ba ne mu tambayi wanda ya aiko mana da gayyatar cikin ladabi.

Bayan mun san yadda suke shiga kullum, sai mu ɗan ɗara hakan kaɗan. Ranar intabiyu ba kamar sauran ranakun aiki ba ce. Amma kaɗan ɗin nan ya isa, kada mu wuce gona da iri.

Kayan Gida ko Kayan Turawa?

Wannan ce tambayar da ta fi damun masu neman aiki a Arewa. Gaskiyar ita ce, duka biyun suna da wurinsu.

A sakatariyar jiha, da ofishin ƙaramar hukuma, da makarantun gwamnati a garuruwa kamar Kano, Katsina, Sakkwato, Bauchi da Gombe, kaftani da hula su ne kayan aiki na kullum. Wanda ya je intabiyu da kaftani mai guga da hular da ta dace ya yi cikakkiyar shiga. Haka ma mace da ta saka atamfa mai ɗinki mai sauƙi da ɗankwali. A ma’aikatun Gwamnatin Tarayya da ke Abuja, za ka ga mai kwat da mai kaftani a ofis ɗaya.

Amma bankuna, da kamfanonin inshora, da kamfanonin binciken lissafin kuɗi, da ofisoshin lauyoyi sun saba da kayan Turawa a yawancin ranakun mako, ko da reshen yana Arewa ne. Idan ɗaya daga cikinsu ne ya kira mu, zai fi kyau mu je da kwat.

Abu ɗaya da ya kamata mu lura da shi: kayan gida ma iri-iri ne. Akwai na aiki, akwai na biki. Babbar riga mai aiki, da shadda mai walƙiya, da leshi mai duwatsu, da gwaggwaro, duk na ɗaurin aure ne da manyan bukukuwa. Matashin da ya shiga da babbar riga yana neman aikin akawu, wataƙila ya fi shugaban masu tambayar ado, kuma hakan ba zai taimake shi ba.

Abin da Ya Dace da Kowane Irin Aiki

Banki da manyan kamfanoni. Kwat mai duhun launi, wato baƙa, ko shuɗiya mai duhu, ko ruwan toka mai duhu. A ciki, farar shat ko mai ruwan sararin sama. Maza su ɗaura laktaye. Mata su saka kwat da siket ko da wando, ko doguwar riga marar ado da kwat a sama.

Ofishin lauyoyi. An san wannan sana’ar da baƙi da fari. Kada mu kai musu wani launi dabam.

Aikin gwamnati. Kaftani da hula, ko shat da wando na yadi, ko kwat. Ga mata, atamfa mai sanyin launi, ko siket da bulawus.

Koyarwa. Sau da yawa akan ce mai neman aikin ya koyar da darasi na ’yan mintoci a gaban masu tambaya ko ɗalibai. Saboda haka, mu saka abin da za mu iya ɗaga hannu mu yi rubutu a allo da shi ba tare da jikinmu ya bayyana ba.

Asibiti da ɗakin shan magani. Tsabta ce kan gaba. Farce gajere, gashi a ɗaure, turare kaɗan ko babu gaba ɗaya, domin ƙamshi mai ƙarfi yakan dami marasa lafiya. Ba a bukatar mu saka farin kayan aiki sai idan an ce mu yi hakan.

Ƙungiyoyin agaji. Waɗanda suke aiki a wurare kamar Maiduguri, Yola da Damaturu sukan shiga ƙauyuka da sansanonin ’yan gudun hijira. Suna neman wanda jama’ar wurin za su karɓa. Shat da wando na yadi, ko kaftani, ko atamfa mai rufe jiki sun isa. Ado mai yawa zai nuna cewa ba mu fahimci aikin ba.

Tuƙi, gadi, kanikanci, aikin wuta, aikin otal da tsaron shago. Ba a bukatar kwat. Riga mai wuya, da wando mai tsabta, da takalmi mai rufe ƙafa sun wadatar. Wataƙila a ce mu gwada aikin nan take, don haka mu saka abin da za mu iya durƙusawa da shi. Masu neman aikin dafa abinci su rufe gashinsu.

Aikin ɗamara. Sojoji, da ’yan sanda, da hukumomi irin su kwastan da shige da fice suna da nasu tsarin. Alal misali, sanarwar tantance masu neman aikin ɗan sanda takan ce a zo da farar riga mai gajeren hannu da gajeren wando, domin za a auna tsayi da ƙirji, a kuma duba jiki. A nan, bin umurni yana cikin jarrabawar. Wanda ya ƙara nasa ko ya rage, za a iya mayar da shi tun daga bakin ƙofa.

Abin da Maza Za Su Lura da Shi

Idan kwat za ka saka, kafaɗa ce abin dubawa na farko. Ɗinkin kafaɗar ya tsaya daidai inda kafaɗarka ta ƙare. Tela zai iya rage tsawon hannu ko faɗin ciki cikin sauƙi, amma gyara kafaɗa yana da wuya. Hannun kwat ɗin ya tsaya a wuyan hannunka, kada ya rufe yatsu. Idan akwai ɗan ƙyallen sunan kamfani da aka ɗinka a bakin hannun, ka cire shi, ba ado ba ne. Idan maɓallan biyu ne, ka ɓalla na sama kawai, kuma ka buɗe shi sa’ad da za ka zauna.

Bakin laktaye ya sauka daidai kan ƙarfen bel. Launin bel ya yi daidai da na takalmi. Safa ta zama mai duhu, mai tsawon da zai rufe ƙwauri idan ka zauna. Wando ya zauna a ƙugu, ya kuma sauka ya taɓa saman takalmi.

Idan kaftani ne, ka zaɓi yadi mai launi ɗaya da aiki kaɗan a wuya. Idan yadin marar kauri ne, ka saka farar singileti a ciki. Hular ta zama wankakkiya, domin datti yakan taru a bakinta. Takalmi sau-ciki ya fi dacewa. Silifas na wanka kuwa, ko na roba, a bar su a gida.

Ka yi aski kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Idan kana da gemu, ka gyara shi ka taje shi. Ka yanke farce.

Abin da Mata Za Su Lura da Shi

Ki gwada kayan a tsaye, sa’an nan ki gwada su a zaune. Siket ɗin da ya rufe gwiwa sa’ad da kike tsaye zai iya hawa sama idan kin zauna. Ki sunkuya kamar za ki ɗauki takarda a ƙasa, ki ga ko wuyan rigar yana buɗewa. Ki tsaya a hasken rana ki tambayi ’yar’uwarki ko yadin yana nuna jiki, domin hasken ɗaki yakan ɓoye hakan.

Idan atamfa ce, ki zaɓi wadda zanenta bai cika hayaniya ba, da ɗinki mai sauƙi. Ɗaurin ɗankwali ya zama ƙarami kuma ya kama sosai, don kada ki yi ta gyara shi kina magana. Idan kina yafa gyale ko mayafi, ki daidaita shi yadda hannuwanki za su sami damar miƙa takardu. Mai saka hijabi ta zaɓi mai launi ɗaya, mai tsabta da guga.

Kitso ko gyaran gashi ya zama wanda ba ya zubowa a fuska. Kwalliya ta zama kaɗan. Ɗankunne ƙarami da agogo sun isa. Awarwaro masu ƙara a duk lokacin da kika motsa hannu za su ɗauke hankalin masu sauraro. Game da takalmi, ki tuna cewa wataƙila ki hau bene ko ki tsaya a layi na sa’o’i. Mai ɗan tudu kaɗan ko marar tudu ya fi mai tsini.

Ga maza da mata duka: turare ya zama kaɗan. Ɗakin intabiyu yakan kasance a rufe, kuma akwai mutanen da ƙamshi mai ƙarfi yake tayar musu da asma ko ciwon kai.

Tufafin da Suke Magana Kafin Mu Yi

Akwai kayan da suke ɗauke da saƙo. Ko da ba mu yi nufin kome ba, mai kallo zai karanta saƙon.

Kayan siyasa. Riga ko hula ko atamfa mai hoton ɗan takara ko tambarin jam’iyya ba na ranar intabiyu ba ne. Wani lokaci ma launi kaɗai ya isa. A Kano, alal misali, an san jar hula da ’yan Kwankwasiyya. Ba mu san ra’ayin waɗanda za su yi mana tambayoyi ba, kuma ana bukatar ma’aikacin gwamnati ya yi wa kowa aiki ba tare da nuna ɓangare ba.

Anko da kayan ƙungiya. Zanen zumunta, da rigar taron matasa, da ankon biki ko na jana’iza mai hoton mutum, duk suna da nasu lokacin. Ba kunyar su muke ji ba. Amma a ranar nan mun je ne a matsayin masu neman aiki, ba wakilan wata ƙungiya ba.

Kaki. Doka ta hana farar hula saka kayan soja, kuma yadi mai kama da nasu zai iya jawo mana matsala tun a shingen hanya. Kakin bautar ƙasa kuma na wanda yake cikin hidimar ne. Idan mun gama, sai mu ajiye shi.

Rigar ƙwallo, da riga mai manyan rubuce-rubuce, da yagaggen jins, da baƙin tabarau a cikin ɗaki. Waɗannan suna cewa mun ɗauki ganawar da wasa.

Amma yaya batun abin da mutum yake sakawa ko yake guje wa saboda imaninsa? Akwai matan da lamirinsu bai yarda su saka wando ba, akwai masu rufe kai, akwai masu barin gemu. Ba a bukatar mutum ya taka lamirinsa don neman aiki. Kusan kowace irin shigar ofis tana da hanyar da za a yi ta da mutunci: siket a maimakon wando, ɗankwali ko hijabi mai launin kwat ɗin. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya hana gwamnati nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa, ko jinsinsa, ko addininsa. Idan aikin yana da kayan da dole ne kowa ya saka, zai fi kyau mu yi tambaya tun da wuri, mu san ko za mu iya, maimakon mu karɓi aikin sa’an nan rigima ta taso.

Mu Yi La’akari da Yanayi da Hanya

Lokacin zafi. Daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan wuce digiri 40 a garuruwa kamar Sakkwato da Maiduguri. Yadin auduga yana shan gumi kuma iska tana ratsa shi. Yadin roba kuwa yana riƙe zafi da wari. Shatin gumi ya fi fitowa a riga mai ruwan toka mai haske, bai cika nunawa a fara ko mai duhu sosai ba. Mu saka singileti, mu riƙe hankici, mu ɗauki kwat ɗin a hannu har sai mun isa.

Lokacin hunturu. Ƙura takan mai da baƙin takalmi fari kafin mu kai bakin titi. Mu saka ɗan ƙyalle a jaka don gogewa. Mu shafa man kaɗanya ko basilin a leɓe da hannu da ƙafa. A wuri mai sanyi kamar Jos, rigar sanyi marar rubutu da ta dace da sauran kayan ba laifi ba ce.

Lokacin damina. Laima da leda don takardu dole ne. Za mu iya tafiya da tsohon takalmi, mu canja idan mun kusa.

Idan acaɓa ko Keke Napep za mu hau, mu yi hankali da fararen kaya. Idan kuma daga wani gari za mu taso, kada mu yi doguwar tafiyar mota da kayan intabiyun a jikinmu. Mu ninke su a jaka, mu isa da wuri, mu canja a masauki.

Idan Ba Mu da Kuɗi Fa?

Yawancin masu neman aiki ba su da kuɗi, shi ya sa ma suke neman aikin. Wasu sukan ci bashi mai nauyi don su sayi sabuwar kwat. Idan aikin bai samu ba, sai baƙin ciki ya zama biyu. Akwai hanyoyin da suka fi wannan.

Mu fara da abin da muke da shi. Tsohuwar riga da aka wanke, aka ɗinke inda ya yage, aka yi mata guga, ta fi sabuwar da ta yamutse. Idan babu wutar lantarki, dutsen guga na gawayi yana nan, sai dai mu shimfiɗa farin ƙyalle a kan rigar don kada toka ta ɓata ta, ko wando mai duhu ya yi ƙyalli.

Gwanjo ba abin kunya ba ne. A kasuwanni irin su Kasuwar Barci a Kaduna, da Katako a Jos, da Ƙofar Wambai a Kano, ana samun shat da kwat da takalma masu kyau da sauƙin kuɗi. Mu duba wuya da hammata da zif da kyau a hasken rana. Mu wanke kayan don warin dila ya fita, sa’an nan mu kai wa tela ya daidaita mana.

Idan ɗinki za mu bayar, mu tuna cewa teloli sukan cika da aiki gab da Kirsimati da Salla. Kada mu jira sai an kira mu. Duk mai neman aiki ya kamata ya ware kaya ɗaya ya ajiye a shirye, domin wani lokaci yau za a aiko da saƙo a ce gobe.

Aro fa? An ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma akwai gaskiya a ciki: kayan wani ba safai suke zama daidai jikinmu ba. Duk da haka, aron kwat ko takalmi daga ɗan’uwa mai irin jikinmu ya fi cin bashi. Mu gwada tun da wuri, mu kuma mayar da shi da tsabta a kan lokaci. Mu da muke aiki kuma, wannan hanya ce mai sauƙi ta taimaka wa na baya. Kwat ɗin da ta yi mana kaɗan tana rataye a ɗaki za ta iya buɗe wa wani matashi ƙofa.

Gargaɗi ɗaya: idan wani ya ce mu tura kuɗin kayan aiki ko na fom kafin a yi mana intabiyu, mu yi hattara. Wannan tsohuwar dabara ce ta ’yan damfara.

Idan Ta Bidiyo Za a Yi

Tun daga lokacin annobar korona a shekara ta 2020, ma’aikatu da yawa suna yin intabiyu ta Zoom, ko Google Meet, ko WhatsApp. Ƙa’idar ba ta canja ba. Mu yi cikakkiyar shiga daga sama har ƙasa, domin za a iya cewa mu tashi mu ɗauko wata takarda. Riga mai launi ɗaya ta fi kyau, domin ƙananan layuka sukan yi rawa a kyamara. Haske ya kasance a gabanmu, ba a bayanmu ba, in ba haka ba fuskarmu za ta yi duhu. Mu jingina wayar a kan wani abu daidai tsayin idonmu, mu kuma duba abin da ke bayanmu. Bango marar kome ya fi gado ko igiyar shanya.

Kwana Ɗaya Kafin Ranar

Jumma’ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta. Ga abubuwan da za mu gama kafin mu kwanta:

• Mu saka kayan duka, har da takalmi, mu zauna, mu tashi, mu yi ’yar tafiya.

• Mu duba maɓalli da zif da bakin wando.

• Mu yi guga, mu goge takalmi. Sabon takalmi yakan ji wa ƙafa ciwo, saboda haka mu fara saka shi kwanaki kafin ranar.

• Mu shirya takardun shaida na asali da kwafinsu, da hotunan fasfo, da biro, a cikin fayil mai tsabta. Fayil ɗin ma yana cikin shigarmu.

• Mu roƙi wani babba da zai gaya mana gaskiya ya dube mu.

Da safe, mu yi wanka, mu goge baki. Mu ci abinci kafin mu saka kayan, don kada manja ko shayi ya ɗiga a kai. Mu guji ɗanyar albasa da goro da cingam. Idan mun isa, mu kashe ƙarar waya, mu cire abin sauraro daga kunne.

Abin da Wasu Suke Zato

Zato: Idan takarduna suna da kyau, ba ruwan kowa da abin da na saka.

Gaskiya: Sau da yawa, waɗanda aka kira suna da takardu kusan iri ɗaya. A irin wannan yanayin, ƙananan abubuwa ne suke raba gardama.

Zato: Kaya masu tsada za su burge masu tambaya.

Gaskiya: Ba kuɗin yadin suke dubawa ba. Tsabta da tsari suke dubawa. Ado mai yawa ma zai iya sa su yi tunanin cewa albashin ba zai ishe mu ba.

Zato: Ƙaramin aiki ba ya bukatar shiri.

Gaskiya: Mai neman aikin shara ko gadi da ya zo tsaf ya riga ya nuna yadda zai riƙe aikin.

Zato: Idan na yi shiga mai kyau, aikin ya zama nawa.

Gaskiya: Sutura ba ta amsa tambaya. Za ta sa a saurare mu, amma sanin aikin, da faɗin gaskiya, da ladabi su ne za su yi sauran.

Wataƙila duk da ƙoƙarinmu, wani abu ya faru a hanya. Mota za ta iya watsa mana ruwan taɓo, ko maɓalli ya cire. Kada mu koma gida saboda haka. Mu goge abin da za mu iya gogewa, mu shiga a kan lokaci, mu ba da haƙuri da kalmomi kaɗan, mu ci gaba. Masu tambayar ma mutane ne, kuma yadda muka natsu a irin wannan halin zai nuna musu wani abu game da mu. Mu shiga da fara’a, mu gaishe su, mu jira a ce mu zauna. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma wannan ba ya bukatar ko kwabo.